Ranar da Na Tare wa Baba Ƙofa

Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kun tarar da Jam'iyyar Lafiya ta Hillar Jibo da gininta na jan bulo, da ungozomominta da ake aikowa a ɗauka tun daga Suki har Abu Hujar. Kun kuma ji labarina a bakin mutane iri biyu. Wasu na cewa na ci fuskar mahaifina a bainar jama'a, wasu na cewa jarumta na yi wadda ba kowane ɗa ne zai iya ba. Na fi son na biyun, don ba na ƙin yabo, kuma duk wanda ya ce muku yana ƙi ku ƙara sa masa ido. Sai dai duka biyun ba su faɗi daidai ba. Tunda idona bai gama mutuwa ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, kada in tafi in bar ku da labarin da ya sha guga har ya yi sumul.

Ba ni kaɗai na kafa jam'iyyar ba. Mu bakwai ne, dukkanmu masu hawasha, wato gonar da hukumar noman Jazira ke yanka wa manomi ya yi auduga da dawa. Turawa ba su daɗe da tafiya ba a lokacin. Abin da ya haɗa mu kuwa wahala ce tsagwaronta. Shafakana mafi kusa, ɗakin shan magani ke nan, tana Haj Abdalla, kuma da damina baƙar lakar ƙasar nan ba ta barin jaki ya wuce balle lori. In naƙuda ta yi wa mace gardama sai a ɗora ta a gadon igiya, maza huɗu su bi gefen babbar magudanar ruwa da ita a kafaɗa, sau da yawa kuma daga rabin hanya ake juyowa. Muka yi gayya muka gina ɗaki ɗaya na laka, muka yi ta sintiri har aka yarda hakim, ma'aikacin shafakanar, ya riƙa zuwa mana duk Talata. Ni aka ba rubutu, saboda ni ne mai iya Larabcin da hukuma ke karantawa ba ta yi dariya ba.

Abu biyu muka yi a farkon nan da har gobe nake alfahari da su. Na farko, mun tura Asabe makarantar ungozoma. Asabe 'yar gwaggona ce, taubashiyata, bazawara mai bakin da ba ya kwana da magana. Ko alif ba ta sani ba, amma ta dawo da akwatin ƙarfe da kai cike da aiki, tana gane kowane magani da hancinta. Kafin ta yanke cibiya sai ta tafasa almakashi da zare, ta tafasa su har matan hilla, wato ƙauyenmu, suka riƙa tambayar ta ko miyar ƙarfen ta nuna su kawo tuwo. Na biyu shi ne zaman tambaya. Duk jaririn da ya rasu, ko macen da ta rasu wurin haihuwa, bayan sadakar bakwai jam'iyya za ta zauna ta bi abin da ya faru daki-daki, ba don a kama wani ba, sai don kada a maimaita. Dattawa sun tayar mana da ƙura, suka ce muna tuhumar ƙaddara. Liman ne ya kashe maganar, ya ce ajali gaskiya ne, amma rijiyar da yaro ya faɗa ba a barin ta a buɗe don an yi imani da ajali. Ni ne mai yin tambayoyin a zaman, ni ne kuma mai rubuta amsa.

Akwai wani ciwo da ya fi kowane cin jariranmu. Za a haifi yaro kakkaura, ya kama nono da ƙarfi, sai wajen suna ko bayan suna da kwana kaɗan ya ƙi kamawa. Bakin ya sarƙe, jikin ya sandare, ya riƙa banƙarewa, cikin kwana biyu a kai shi. Mutanenmu sun ce iska ce. Hakim ya ce sarƙe-haƙora ne, kuma ta wurin yanka yake shiga, in ƙarfen da aka yi yankan da shi na ɗauke da dauɗa. Da Asabe ta fara aiki ciwon ya ragu ƙwarai, har muka fara buga ƙirji. Amma bai ɗauke ba.

A nan sai in gaya muku waye mahaifina, don yawancinku ba ku riske shi ba. Shi ne Sarkin Askar Hillar Jibo. Kakana ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar hajji, tafiyar ta tsaya masa a bakin Nilu, kuma abin da ya iso da shi kaɗai shi ne zabirarsa ta wanzanci. Ita Baba ya gada. Babu kan namijin da bai bi ta ƙarƙashin hannunsa ba a hillar nan, babu kaciyar da ba shi ya yi ba, kuma hannunsa na da sanyin da yaro kan yi barci ana yi masa aski. Ran da jariri ya kwana uku Baba zai je da safe ya cire masa belu, ɗan naman nan da ke lilo a can cikin maƙogwaro, don mun gada cewa in aka bar shi zai girma ya toshe wuya ya kawo tari da amai. Da 'yar lanƙwasasshiyar aska yake cirewa, cikin ƙiftawar ido. Sai dai kayan zabirar nan suna da doka: ƙarfen gado ba ya shiga wuta, ba ya shiga ruwan zafi, don wai zafi na kashe asirin da kakanni suka sa masa. Da wani tsohon ƙyalle mai magani ake goge shi a mayar. Ina son mahaifina, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya fi shi tausayin yara ba.

Ana saura kwanaki a kama azumi, auduga ta fashe fari fat, ina cikin hawasha sai ga Asabe ta ratso gona da akwatinta a ka.

"Sale, aje buhun ga, magana gare ni," in ji ta.

Na ce, "In ta aure ce, na hwaɗa maki gidana ya cika."

"Wa ka son ka, da ƙahwahu kamar na zalɓe? Saurara, ba wasa niz zo yi ba. Ina karɓar haihuwa hillar Larabawa, ina karɓa kambo, zangon 'yan ƙodago, ina karɓa nan. Almakashi guda, zare guda, hannun ga guda. Can ciwon ga ya ɗauke tun bara. Nan bai ɗauke ba. To mi muke yi ma ɗiyanmu wanda su ba su yi?"

Kafin ta rufe baki na san amsar. Ta jera mini sunayen jariran da suka sandare tun dawowarta, kowannensu Baba ya cire masa belu ran kwana uku.

Ta ce, "Ni ba ni iya hwaɗa ma Kawu. Shi yar rene ni bayan mutuwar Inna. Kai ne ɗanai, kai ne mai tambaya. Ka kai maganar ga zama, ko ka same shi ku biyu. Wallahi ko wanne."

Na ce mata, "Bari azumi ya wuce."

Talatar da ta biyo na ja hakim gefe na tambaye shi a kaikaice, kamar labarin wani ƙauye nake ba shi. Bai yi wata-wata ba. Ya ce ƙarfen da ba a tafasa ba zai iya sa ciwon, kuma belu ba ya toshe wuyan kowa, Allah ne ya halicce shi a wurin, a bar shi. Ke nan ba zan ce muku ina cikin shakka ba. Na sani sarai. Amma ni ɗan fari ne, kuma kun san kunyar da ke tsakanin ɗan fari da ubansa a gidajenmu. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi tsakar ido ba. Ta ina zan fara ce masa hannun da hilla duka ke sa wa albarka shi ke kai jarirai kabari? Azumi ya wuce na ce bari a gama cirar auduga. Aka gama na ce bari a yi babbar Salla, kada a ɓata wa tsoho rai a cikin hidima. Uzuri ba ya ƙarewa a bakin mai jin tsoro, haka na yi ta ja har wata huɗu.

A cikin wata huɗun nan jarirai biyu suka tafi, ɗan Mamman Tela da 'yar Audu mai rake. Sau biyu jam'iyya ta zauna, sau biyu na zauna da takarda a gwiwa ina tambaya. Da me aka yanke cibiya? An tafasa? Wane ruwa aka yi masa wanka da shi? Yaushe ya daina kama nono? Na tambayi komai, na tsallake tambaya ɗaya. Asabe na zaune bakin ƙofa wajen mata, idonta a kaina, ni kuwa na duƙufa ina rubutu kamar malamin da aka ba aikin laya. Dokar nan da kuka tarar a jam'iyya, cewa ba a barin mutum ɗaya ya yi tambaya, sai an haɗa shi da wani daga wani gida, saboda ni aka kafa ta, ni ne kuma na kawo ta daga baya.

Bayan babbar Salla da mako biyu mahaifiyarku Hadiza ta sauka. Kai ne, Habibu. Ran kwana uku da hantsi na ji sallamar Baba a zaure, tare da ƙanensa Baffa Umaru da maƙwabta uku da suka biyo shi barka. Ya shigo da zabira a kafaɗa, fuskarsa cike da fara'a, don kai ne jikansa namiji na farko. Ban shirya komai ba. Na dai tsinci kaina tsaye a ƙofar ɗakin mai jego, hannuna biyu a kan dogaran ƙofa.

Baba ya ce, "Kauce man in ga abokina. An ce ya kwaso hancina, zan ji dalili."

Na ce, "Baba, a bar mashi belun nan."

"A bar mi?"

"A bar shi. Kar a cire."

Ya yi dariya, ya zaci irin tsoron sabon uba ne. Ya ce ni ma da hannun nan ya cire nawa, ga ni tsaye ƙato ina tare wa mutane hanya. Sai bakina ya buɗe, maganar da na riƙe wata huɗu ta zubo gaba ɗaya, a wurin da bai dace ba, a gaban mutanen da bai kamata su ji ba. Na faɗi abin da Asabe ta gani, na faɗi abin da hakim ya ce, na ambaci ƙyallen da ake goge askar.

Baffa Umaru ne ya fara magana. "Kai, ɗan yau! Uban naka kake ce ma mai kisan ɗiyan mutane? Don ka iya rubutun Larabawa? Kana neman a yi maka baki ka lalace!"

Baba ya ɗaga masa hannu. Bai dube ni ba. Ya gyara igiyar zabirar a kafaɗarsa, ya ce, "Ɗanka ne. Halas, shi ke nan." Ya juya ya fita.

Bai zo suna ba. Wani wanzami aka ɗauko daga Haj Abdalla ya yi maka askin suna, abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu. Hilla ta rabu biyu, mutum uku cikin bakwai ɗinmu suka daina zuwa zama, aka fara kiran jam'iyyar taron marasa kunya. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gai da Baba, ya amsa da kalma ɗaya, lafiya, yana kallon wani wuri. Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗaki tana kuka, ta ce in ya buɗe baki ya yi mini baki ita ba ta da abin da za ta iya. Ba zan ɓoye muku ba, tsoron nan ya fi ƙarfina. Mutumin da ya rasa albarkar ubansa, ko Nilu ya mallaka a banza yake. Amma in na dawo gida na tarar da kai kana zuƙar nono kamar mai bin bashin yunwa, sai in ji ko za a sake ranar sau goma, a ƙofar nan za a same ni.

Abin da ban sani ba shi ne Baba ba fushi kaɗai yake yi ba, bincike yake. Ya aika aka kira Asabe, ya sa ta zauna ta faɗa masa komai, yaro bayan yaro, da ranar da ta fara lura, da wanda ta gaya wa. Ya riƙa aiko Inna kullum wai ta duba mai jego, alhali wuyanka take dubawa. A cikin kwanakin an yi haihuwa biyu a hilla, duka ya ce hannunsa na ciwo, a dakata. Da ka yi arba'in, ga ka ɓulɓul, ba tari ba amai, sai ranar zaman jam'iyya muka ga tsoho ya shigo da zabirarsa, ya zauna a kan tabarma tare da mu.

Ya ce, "Na zo in hwaɗi magana biyu. Daga yau ba a ƙara cire belu Hillar Jibo, ba da hannuna ba, ba da na wani ba. Ta biyu, Asabe, ɗora tukunyarki."

Ya zazzage zabirar a gabanta, asake na aski da na kaciya, har da 'yar lanƙwasasshiyar. Baffa Umaru, da ya biyo shi don ya hana, ya ce asirin kakanni zai mutu.

Baba ya ce, "Asirin da bai jure ruwan zahi ba, Umaru, bari shi mutu. Ɗiyan mutane sun hi shi tsada."

Daga ranar ne jam'iyyarmu ta zama abin da kuka sani. Da hakim ne ya yi wannan magana, ko ni, da wanzaman ƙauyukan Hausawa sun yi mana dariya sun ci gaba da aikinsu. Amma Sarkin Aska ne da kansa, mai zabirar Sakkwato. Shi ya hau lori da tsufansa ya bi su hilla hilla, Asabe na biye da tukunyarta, har gefen Suki. Wasu sun karɓa, wasu sai da aka koma musu sau uku. A hillarmu dai ciwon ya zama labari, har ungozomomin yanzu sai an kwatanta musu shi.

Kafin tafiye-tafiyen nan akwai abin da ya fara yi. Washegarin zaman, bayan sallar asuba da rana ta fito, ya aiko a ce in zo. Ya miƙo mini sandarsa ya ce in biyo shi. Gida gida muka bi, duk inda Asabe ta ambata. Zai yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban uban yaro da uwar yaro, mutanen da shi ya yi wa wasunsu kaciya, ya kira sunan jaririn, ya ce da hannunsa abin ya faru bai sani ba, a yafe masa. Wasu suka fashe da kuka suka ɗaga shi. Wasu suka ce ajali ne, Sarki, tashi. Wata mata ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ya tsaya ya ƙarasa maganarsa ga ƙofar. Kwana biyu muka yi muna wannan zagaye, gidan Audu mai rake da na Mamman Tela su ne na ƙarshe, kuma duka biyun sun ce sun yafe masa.

Da muka fito ya zauna a gindin wata bagaruwa a bakin magudana don ya huta. Na ga dama ta samu, na durƙusa na ce ya yafe mini cin fuskar da na yi masa a gaban mutane.

Ya ce, "Tare ƙohwa? Wannan na yahe tun ranar. Da ba ka tare ba, shi ne da ban yahe ba. Albarkata na nan bisa kanka, ba ta tai ko'ina ba."

Na ji kamar an sauke mini buhun dawa daga ka. Har na fara godiya sai ya ci gaba.

"Asabe tac ce tun kahin azumi ka sani."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Waɗancan na baya, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, Allah shi ka hukunci. Amma ɗan Mamman da ɗiyar Audu, ka sani. Kana gaishe ni kullum da sahe, kana ganin na ɗauki zabira na hita, ka bar ni nit tai. Da ɗiyan wasu ne kunya ta kama ka. Da anka zo ga naka, ka san inda ƙohwa take."

Ya karɓi sandarsa daga hannuna.

Ya ce, "Wannan ba hakkina ba ne balle in yahe maka. Ni na hwaɗi nawa. Tashi ka koma ka hwaɗi naka."

Na koma ni kaɗai. Audu mai rake ya saurare ni har ƙarshe, ya share hawaye da hannun riga, ya ce shi ma da ubansa ne bai san abin da zai yi ba, ya yafe. Mamman na same shi a kan kekensa yana ɗinka wata riga. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga ranar da Asabe ta same ni a gona har tambayar da na tsallake a zaman ɗansa, shi yana zaune a gabana yana ba ni amsa da zuciya ɗaya. Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen layin. Ya yanke zaren da haƙori, ya dube ni, ya ce, "Na ji."

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, in na gaishe shi yana amsawa, ni ne ma na riƙe gefen makararsa. Bai taɓa cewa ya yafe ba, ni kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Sunan yaron Ibrahim. Wata biyu ya girme ka, Habibu, da yanzu shi ma yana da jikoki.